Muhawara: Darasin ruwa a wajen tsofaffin masanan Sin, tawali'u ne ko kasala?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani abu, musamman masu sha'awar tarihi da ke cikinmu. Kwanakin nan ina karanta ɗan littafin nan na Sinawa da ake jingina wa Laozi, wato Daodejing. Babi 81 ne, haruffansa duka-duka wajen 5,000, mutum zai iya gama shi a zama ɗaya. Abin da ya ja hankalina shi ne mai littafin ba ya kafa hujja da sarakuna ko jarumai. Hujjarsa ruwa ce, da ciyawa, da kwari, da jariri. A babi na 8 ya ce mafificin hali shi ne irin na ruwa: yana amfanar kowa, ba ya jayayya da kowa, kuma yana gangarawa ya zauna a wurin da mutane ke ƙyama. A na 66 ya ce kogi da teku sun zama sarakunan ƙoramu ne saboda sun fi su yin ƙasa. A na 76 ya ce mai rai laushi gare shi, gawa ce ke sandarewa, haka ma tsiro, ɗanye yana lanƙwasa, busasshe yana karyewa.

Ni dai maganar ta shige ni. Amma da na karanta wa maigidan, sai ya ce wannan koyar da mutuwar zuciya ne. To me kuka gani?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayan maigidanki. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Maiduguri a Satumban 2024 ba zai ce ruwa ba ya jayayya ba. Su kansu Sinawa, ambaliyar Rawayen Kogi ta 1887 ta kashe musu dubban ɗaruruwan mutane. Mutum ne kawai yake zaɓar abin da ya yi masa daɗi a halitta ya kira shi darasi. Mai son zalunci ma zai nuna miki zaki da barewa ya ce ga darasi nan. Sannan idan aka ce wa talaka ya zama ruwa, ya nemi ƙasa-ƙasa ya zauna, wa ya ci riba? Wanda ke sama mana.

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam warahmatullah. Kafin a yi nisa, na san wani zai kawo maganar "ku nemi ilimi ko da a Sin ne". Malaman hadisi da yawa sun ce bai inganta ba, don haka kada mu jingina da shi. Ba ma buƙatarsa ma. Alƙur'ani da kansa ya ce a dubi raƙumi yadda aka halicce shi, kuma a Suratul Ma'ida hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne ɗan uwansa. Sannan abin da Hajiya ta kawo daga babi na 76 ya tuna mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka kwatanta mumini da ɗanyen tsiro da iska ke kaɗawa, ya kwanta ya tashi, aka kwatanta munafuki da ƙaƙƙarfar bishiya da ba ta motsi har ranar da za a tumɓuke ta gaba ɗaya.

Inda za a yi hattara shi ne aƙida. Abin da suke kira Dao, wato "hanya" da suke ɗauka tushen komai, ba shi ne abin da muka yi imani da shi ba, kuma daga baya an gina addini a kan littafin, da wuraren bauta da komai. A ɗauki lura da hikima, a bar musu aƙidarsu.

Maman Khalil:
Allah ya gafarta Malam, na gode. A kan haka nake karantawa.

Ɗalibi a Chengdu:
Salam. Ina karatun injiniyancin ruwa a nan lardin Sichuan, kuma maganar Baban Zahra ce ta sa ni rubutu. Yaya, mai littafin bai jahilci cewa ruwa yana kisa ba. A babi na 5 ya faɗa ƙarara cewa sama da ƙasa ba su da tausayi. A na 78 kuma ya ce babu abin da ya kai ruwa laushi, amma babu abin da ya kai shi cin abu mai tauri. Ashe ba raunin ruwa yake yabo ba, yadda yake aiki yake yabo.

Bari in ba ku misalin da ake iya taɓawa da hannu. Kimanin kilomita 60 daga Chengdu akwai wani wuri, Dujiangyan, inda kogin Min yake fitowa daga duwatsu ya faɗo fili. Da can duk damina sai ya yi ɓarna. Wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gwamnan yankin, Li Bing, ya yi wani aiki a kansa ba tare da ya datse kogin ba. A tsakiyar ruwan ya gina wani tsibiri mai tsinin baki, suna ce masa Bakin Kifi, ya raba kogin biyu. Reshen ciki ya fi zurfi kuma ya fi ƙunci, na waje ya fi faɗi amma bai da zurfi. Saboda haka da rani, lokacin da ruwa ya ja, kusan kashi shida cikin goma yana bin reshen ciki ya tafi gonaki. Da damina kuma, idan ya cika, lissafin sai ya juya, mafi yawa ya bi reshen waje ya wuce. Ba wanda ya buɗe ƙofa ko ya rufe, fasalin ƙasan kogin ne ke yin rabon.

Can ƙasa kaɗan akwai wata 'yar katanga gajera a gefen reshen ciki. Idan ruwa ya yi yawa sai ya tsallake ta ya koma reshen waje, kuma saboda kogin yana lanƙwasa a wurin, juyin ruwan yana watso yashi da tsakuwa ta kanta. Sai kuma wata kafa da suka fasa a jikin dutse, faɗinta wajen mita 20, ita ce ke ƙayyade abin da zai shiga gonaki. Babu nakiya a lokacin. An ce wuta suke hurawa a jikin dutsen, in ya yi zafi su kwara masa ruwan sanyi ya tsage.

Na tsaya a kan gadar da ke saman Bakin Kifin. Ruwan kore-kore ne, sanyinsa har kan gadar, ƙararsa kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Kana kallo yana zuwa da ƙarfinsa, ya daki tsinin nan, ya rabu biyu ba gardama. A gefe sun ajiye irin kwandunan da aka yi aikin da su tun asali: dogaye ne kamar tsiran alade, an saƙa su da gora, an cika da duwatsun kogi. Ruwa yana ratsa su amma ba ya ture su. Yau sama da shekara 2,200, har yanzu wurin yana shayar da gonakin filin Chengdu. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Wanda ya yi wannan ba malalaci ba ne. Sai da ya zauna ya san halin kogin tukuna, sannan ya sa hannu a daidai inda hannu zai yi amfani.

Baban Zahra:
Ƙanena, aikin ya burge ni, ba ƙarya. Amma Li Bing ma'aikacin daular Qin ne, ko ba haka ba? Qin ɗin da ta shahara da dokoki masu tsanani da aikin tilas, wadda ta cinye sauran ƙasashen da yaƙi a shekara ta 221 kafin Miladiyya. Hatsin Sichuan ɗin nan sojojinta ya ciyar. Kuma mutane nawa aka tara suka fasa dutsen? Ni ina ganin ƙarfin hukuma ne ya yi aikin, ba waƙar ruwa ba.

Ɗalibi a Chengdu:
Gaskiya ne Yaya, Qin ce ta sa aka yi, kuma don amfanin kanta. Zan ma ƙara maka: yanzu akwai babbar madatsar zamani, Zipingpu, a sama da wurin, kuma an sa ƙofofin ƙarfe a reshen waje. Ban ce littafin Laozi ne ya zana aikin ba. Abin da nake cewa shi ne tunanin ya girmi littafin, yana cikin al'adarsu. Suna da tsohon labari na Gun da ɗansa Yu. Gun ya yi shekara tara yana tare ambaliya da ganuwa, ya kasa. Yu ya zo ya yashe hanyoyi ya bi da ruwan zuwa teku, ya yi nasara, har ya zama sarki. Duk yaron makaranta a nan ya san wannan labari. Ƙarfin hukuma kuwa, Gun ma yana da shi.

Wani abu kuma, duk shekara da rani sai an yashe reshen ciki. Ƙa'idar da suka gada ita ce a haƙa ƙasan da zurfi, a bar katangar gajera. Da sun bar yashewar nan na 'yan shekaru da tuni yashi ya binne komai.

Malama Mai Tarihi:
Ina jin daɗin zaren nan. Amma akwai kuskuren da muke shirin yi, na ɗaukar "falsafar Sin" kamar bakinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Yawancin waɗannan mutane sun rayu ne a zamanin da ake kira na Ƙasashe Masu Yaƙi, daga wajen 475 zuwa 221 kafin Miladiyya, ƙasa ta wargaje, kowane sarki yana neman mai ba shi shawara. Gardama suke yi da juna, kuma duk da halitta suke kafa hujja.

Ku ɗauki Mengzi, mabiyin Konfushiyas, babban malamin tarbiyyar Sinawa na da. Wani abokin muhawararsa, Gaozi, ya ce halin ɗan Adam kamar ruwa yake, in ka buɗe masa gabas ya bi gabas, in ka buɗe yamma ya bi yamma. Mengzi ya ce to, gabas da yamma bai damu ba, amma sama da ƙasa fa? Ruwa kullum gangare yake bi, haka mutum yake karkata ga alheri. Kana iya dukansa ya fantsama ya wuce goshinka, amma wannan tilas ce, ba halinsa ba. Sai ga Xunzi daga baya, shi ma mabiyin Konfushiyas ne, ya ce sam, halin mutum karkatacce ne, sai an gasa shi an miƙar kamar yadda ake miƙar da itace. Ruwa ɗaya, itace ɗaya, darasi uku.

Kuma Baban Zahra, Xunzi naka ne. Ya rubuta cewa tafiyar sama a tsaye take, ba ta wanzuwa don sarki adali, ba ta gushewa don azzalumi. Ya ce in an yi roƙon ruwa aka samu ruwa, daidai yake da a samu ba a yi ba. A nan mu Musulmi mun rabu da shi, domin muna sallar roƙon ruwa kuma mun yi imani da Mai saukar da shi. Amma inda ya ce a yi noma da kyau a yi tattali, kada a zauna ana zargin sama, wannan ba wanda zai ƙi.

Game da talaka kuwa, ka sake duba littafin Laozi. Yawancin maganarsa da mai mulki yake yi. Shi ake ce wa ya yi ƙasa. A babi na 60 ya ce mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne, in ka cika juyawa sai ya dagargaje. A na 75 ya ce jama'a suna yunwa ne saboda na sama sun cinye haraji da yawa. Kuma an gwada. Bayan Qin ta faɗi, sarakunan farko na daular Han sun bi wannan ra'ayi na sassauta wa jama'a. Sarki Wen ya soke hukuncin yanke gaɓoɓi a shekara ta 167 kafin Miladiyya, ɗansa Jing ya tsayar da harajin gona a kashi ɗaya cikin 30. Masana tarihinsu suna lissafa zamanin su biyun cikin na wadata.

Baban Zahra:
Malama, wannan na harajin ban san da shi ba. Na karɓa.

Maman Khalil:
Malama, ni labarin Mengzi na manomin nan ne ya fi taɓa ni, a matsayina na uwa kuma malamar firamare. Wani mutumin ƙasar Song ya ga shukarsa ba ta tsawo da wuri, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ɗan jan ta sama. Ya koma gida a gajiye ya ce wa iyalinsa yau ya taimaki shuka ta girma. Ɗansa ya ruga gona, ya tarar duk ta bushe. Wallahi ina ganin wannan a ajinmu. Yaro ɗan shekara huɗu, yatsunsa ba su gama riƙe fensir ba, an ɗora masa jaka ta fi shi nauyi, ga darasin yamma, ga aikin gida shafi uku. Ya zo aji uku ya tsani littafi.

Amma Mengzi bai tsaya nan ba, kuma wannan ne mutane ke mantawa. Ya ce akwai masu laifi iri biyu: mai jan shuka, da wanda ya ce ba amfani ya ƙi yin noma ya bar ciyawa ta cinye. Ashe amsar maigidana tana nan tun tuni.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Ni manomi ne, karatuna bai yi zurfi ba, amma ɗana ya taɓa karanta mini wani labarin Mengzi ɗin nan, na Dutsen Sa. Wai dutse ne mai kurmi kusa da babban birni. Aka dinga sara da gatari. Duk da haka dare da raɓa suna sa kututturan su yi toho, sai shanu da tumaki su bi su cinye. A ƙarshe dutsen ya zama ƙwal, masu wucewa suka ɗauka dama can bai taɓa yin itace ba. Shi yana nufin zuciyar mutum ne, cewa ko wanda ya lalace akwai saura a ƙasa.

Da na ji sai na ce wannan ai gonakinmu ne. Bayan yunwar 1984 ƙasarmu ta zama fili fetal. An kawo dashe iri-iri, mafi yawa suka mutu. Abin da ya yi aiki shi ne wanda muke kira sassaben zamani: in ka zo sharar gona, kada ka sare tohon da ke fitowa daga tsohon kututture. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran, ka kare su daga awaki. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Yau ka bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ka ga gawo a cikin gonaki. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, kuma geron da ke gindinsa ya fi na fili. Ba daga Sin muka koya ba, amma abin da mutumin nan ya gani, shi muka gani.

Malam Na-Zariya:
Allah ya yi albarka, Baba. Wannan ya fi dogon bayani.

Malama Mai Tarihi:
Baba ya gama magana a wannan ɓangaren. Sai dai ina so in dawo kan ƙorafin Baban Zahra na farko, cewa mutum yana zaɓar abin da ya so ne a halitta, domin ba a amsa shi sosai ba. Wanda ya fi kowa sanin haka a cikinsu shi ne Zhuangzi, na ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. A littafinsa akwai labarin da yake tafiya da almajiransa a dutse, suka ga wata ƙatuwar bishiya, mai saran itace yana zaune a gindinta bai taɓa ta ba, ya ce ba ta da amfanin komai. Zhuangzi ya ce rashin amfaninta ne ya bar ta ta tsufa. Da suka sauko suka sauka gidan wani abokinsa, mai gida ya sa a yanka musu dinya. Yaro ya ce akwai mai kuka akwai marar kuka, wacce za a yanka? Aka ce marar kukan. Washegari almajirai suka ce, Malam, jiya bishiya ta tsira don ba ta da amfani, yau dinya ta mutu don ba ta da amfani, to ina za ka tsaya? Ya ce zai tsaya a tsakani, sannan nan take ya ce tsakanin ma ba mafita ba ce.

Kun ga shi da kansa ya rushe darasin da ya bayar jiya. Abin da na fahimta shi ne ba ya so a mayar da halitta kundin karin magana. So yake a dubi kowane abu a yadda yake. Yana da labarin wani tsuntsun teku da ya sauka a ƙasar Lu. Sarki ya ɗauke shi da girmamawa ya kai shi ɗakin ibada, aka yi masa kiɗan fada, aka kawo masa nama da giya. Tsuntsu ya rikice, bai ci ba bai sha ba, kwana uku ya mutu. Sarkin ba mugunta ya yi ba, ya ciyar da tsuntsu ne da abin da shi yake so.

Ɗalibi a Chengdu:
Kuma su ma Sinawa sun taɓa yin watsi da wannan, suka ɗanɗana kuɗarsu. A 1958 gwamnati ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara, wai gwara tana cin hatsi. Jama'a suka fito da tukwane da ganguna suna kaɗawa, tsuntsaye suka kasa sauka har suka dinga faɗowa matattu. Ba a lura cewa gwara tana cin ƙwari ba, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'yanta. Fara da sauran ƙwari suka yi yawa. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo. Ba wannan kaɗai ya jawo yunwar 1959 zuwa 1961 ba, akwai manyan dalilai na siyasa, amma ya ƙara mata. Alhali Mengzi tun sama da shekara 2,000 kafin nan ya gaya wa wani sarki kada a jefa raga mai ƙananan idanu a tafki, kuma kada gatari ya shiga daji sai a lokacinsa.

Baban Zahra:
To, na saurari kowa. Na janye kalmar kasala game da Mengzi da Li Bing, kuma labarin Baba na Maraɗi ya shige ni ƙwarai. Amma Hajiya Maman Khalil, da Laozi har yanzu muna da saura. Na je na duba littafin da daren nan. A babi na 3 yana cewa mai mulki ya wofintar da zukatan jama'a ya cika cikinsu, ya bar su ba ilimi ba buri. A na 65 ya ce magabata ba wayar da kan mutane suke yi ba. A na 80 burinsa ƙaramar ƙasa ce, inda mutane za su koma ƙulla igiya maimakon rubutu, suna jin carar zakarun maƙwabta amma har su mutu ba su ziyarci juna ba. Ke malamar makaranta ce. Yaya za ki yi da wannan?

Maman Khalil:
Ba zan kare shi ba, Baban Zahra. Na karanta babi na 3 ɗin, kuma bai kwanta mini ba. Na san ya rubuta ne a zamanin da masu ilimi ke yawo fada-fada suna sayar wa sarakuna dabarun yaƙi, wataƙila abin da ya ƙona masa rai ke nan. Duk da haka ni ba zan yarda a bar yaro cikin duhu don a samu sauƙin mulkinsa ba. A nan ina tare da Xunzi, wanda ya buɗe littafinsa da babin kwaɗaitarwa kan neman ilimi.

Malama Mai Tarihi:
To mu ɗauki waɗannan babi uku, 3 da 65 da 80, mu haɗa da babin farko na Xunzi, kowa ya karanta kafin Asabar. Ɗalibinmu na Chengdu, in ka samu dama ka tambayi malamanku yadda su suke fassara na 65, domin masu sharhinsu na da sun yi saɓani a kansa.

Ɗalibi a Chengdu:
In sha Allah, Malama. Akwai wani dattijo a sashenmu da ya haddace littafin tun yana yaro, shi zan fara tambaya.